Tsirkiya Goma Sha Biyu a Gidan Mai Molo

Baffana, ƙanen mahaifina, mutum ne da bai taɓa yarda akwai abin da bai sani ba. In ka ce masa ruwan teku yana da gishiri, sai ya ce ya riga ka ɗanɗanawa. A hannunsa na girma bayan rasuwar mahaifina, a tsohon zango na Ankara, wato Akara, kusa da kasuwar Salaga. Wannan Nima da nake zaune a cikinta yanzu ina rubutu, a lokacin daji ce, sai makiyaya da shanunsu. Ba a riga an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ba, jiragen ruwa kuwa can nesa suke tsayawa, sai kwale-kwale su ratsa igiyar ruwa su kwaso kaya.

Shi da mahaifina daga ƙasar Kano suka zo, suka yi wa Turawa aikin soja. Da aka sallame shi sai ya koma wa molonsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya. Ba a yin suna ko biki a zangonmu ba tare da an shimfiɗa masa tabarma ba, kuma kullum bayan la'asar samari kan cika ƙofar gidanmu suna sauraronsa. Ni kuwa baduku ne, gemuna ya fito, ina da rumfata a kasuwa. Ni nake rufa wa molonsa fata, ni nake yanka masa siraran fatun da yake ɗaure tsirkiya da su a wuyan molon. Bai taɓa ce mini sannu ba. In aikin ya yi kyau, hannunsa ne. In ya yi muni, ɗan yayansa ne ba ya jin magana.

Iskar Ankara jiƙaƙƙiya ce, ba kamar ta arewa ba. Molo in ya kwana, fatarsa sai ta sake, ka taɓa shi ka ji kamar kana dukan rigar wanki. Don haka kowace safiya baffa yakan ɗora molonsa a kan kwanon rufin madafa, rana ta gasa shi. Zuwa hantsi sai ya sauke shi, ya ƙwanƙwasa da farce, in ya ji fatar ta ɗame ya tura ɗaurin tsirkiyar sama kaɗan, shi ke nan murya ta dawo. Duk mai molo da mai garaya a zangon haka yake yi.

Sai ga baƙo ya kama ɗakin da ke jikin zaurenmu. Mutumin Kuru ne, cikin mutanen nan na bakin teku da ke yi wa jiragen ruwa aiki. Ban san abin da ya raba shi da unguwar ’yan'uwansa ba, ban kuma tambaya ba. Gajere ne kakkaura, da tabo a ƙarƙashin idonsa na hagu. Kayansa akwati ɗaya ne da wani dogon abu naɗe cikin bargo. Da ya kwance bargon na ga jita. Na taɓa ganin jita a hannun ’yan jirgi, mai tsirkiya shida. Wannan tata goma sha biyu ce, duk na waya, kanta dogo, cike da ’yan kunnuwan ƙarfe shida ta nan shida ta can.

Ranar da ya fara kaɗa ta, na ajiye basilla na fito. Da babban yatsa da manuni kawai yake taɓa ta, amma sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗa. Na tsuguna a ƙofarsa har aka kira magariba. Daga nan muka saba. Hausarsa ta zango ce, ba ruwansa da mace ko namiji, komai "shi" ne, yana haɗawa da Turancin ’yan jirgi. Ni kuma ina da hannun aiki da kunnen da ya tashi a gidan kiɗa, sai ya fara nuna mini.

Abin da ya fara koya mini shi ne tsirkiyar ba goma sha biyu ba ce a kunne, shida ce, kowace da abokiyar tafiyarta. Huɗun sama, kowace mai kauri tana da siririya a gefenta, murya ɗaya suke yi amma siririyar tana can sama. Ni na sa musu uwa da ’ya, ya yi dariya ya karɓa. Biyun ƙasa kuwa tagwaye ne, kauri ɗaya, murya ɗaya. In tagwayen suka saɓa ko da kaɗan ne, sai ka ji sautin yana rawa kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Sai ka murɗa kunne a hankali, rawar tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya cak.

Wahalar ita ce ka ja ɗaya, sauran su ji haushi su sake. Kana gama ta ƙarshe, ta farko ta riga ta sauka. Sai ka koma ka sake zagayawa, ka kuma sake. Kunnuwan kuma a cushe suke, sau da yawa nakan murɗa na wata ina sauraron wata, ina mamakin me ya sa ba ta motsi, sai ya buge mini hannu. Akwai wata guda, ’yar da ke gefen uwa ta huɗu, siririya kamar gashin wutsiyar doki. Ita ce mai tsinkewa. In zai ja ta yakan kau da fuskarsa gefe, kuma ita ce ta yi masa tabon nan na ƙarƙashin ido.

Sa sabuwar tsirkiya ma da ƙa'idarsa. Ba a cire su duka a lokaci guda, ɗaya ake cirewa a sa ɗaya. Ka ɗaura gindinta a jaki, wato ɗan katakon da ke manne a cikin jitar, ka zura bakinta a ramin kunne, ka lanƙwasa, ka naɗa kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, kada su hau juna. ’Ya tana sama da uwa, don yatsa ya fara taɓa ta. Ba ya kuma yarda ya ja su har inda jita mai shida take kaiwa. Ya ɗora yatsana a kan jakin ya ce, "Ka ji? Wannan karami itace, shi ya dauki kaya duka. Gam kawai ya rike shi. Ka ja da yawa, ya tashi." Nauyin da wayoyin nan suke ja ya fi huhun goro, kuma dare da rana suke jan.

Ba a daɗe ba samarin da ke zama gaban baffa bayan la'asar suka fara gusawa. Yau biyu, gobe biyar, tabarmarsu tana matsawa wajen ƙofar baƙon. Baffa yana gani. Da farko ya yi kamar bai damu ba, daga baya ya fara sakin magana.

"Molo tsirkiya uku," in ji shi, yana kallon sama, "ya ishi sarki ya ishi talaka. Wanda ya tara goma sha biyu, hannu ne ba shi da shi."

Wata rana kuma da muke zaune ni da baƙon muna daidaita jitar, baffa ya wuto da buta ya tsaya a kanmu. "Tun hantsi kuke ting, ting, ting. Yaushe za a fara kiɗan? Ko kiɗan ke nan?" Samari suka yi dariya, har waɗanda suka zo sauraron jitar. Ya juyo gare ni. "Kai kuma, ɗan soja, ka zama yaron arne mai murɗa masa kunne. Da yayana yana raye da ya ga abin da ya haifa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baffa." Tun daga ranar muka daina ga maciji da juna. Gaisuwar safe kawai ke haɗa mu, ita ma a daƙile yake amsawa.

Gab da damina baƙon ya sami jirgi mai zuwa kudu, tafiyar watanni. Ya ce jirgin ba shi da wurin da zai ajiye jitar ruwa bai taɓa ta ba. Ya kawo ta ɗakina da kansa, naɗe cikin bargonta, ya ɗora mini a hannu biyu. Ya ce abin da ya mallaka a duniya ke nan. Ya ce in riƙa shafa wa wayoyin man kwakwa saboda tsatsa, in riƙa kaɗa ta kada ta yi barci, kada in jingine ta a bango mai laima, kada in ba kowa. Bai ce komai a kan rana ba, don a tunaninsa babu mahalukin da zai kai jita rana. Na ce masa amana ce, in sha Allahu zai same ta yadda ya bar ta. Ya tambaye ni mene ne amana. Na yi masa bayani da alfahari, na ce abu ne da mu Musulmi ba ma wasa da shi.

Damina ta sauka da ƙarfi. Itacen jitar ya sha laima, muryarta ta dushe kaɗan, kamar mai mura. Wannan ba komai ba ne, mai ita ya riga ya gaya mini haka take yi, in iska ta bushe za ta dawo. Wata safiya ina zaune a bakin ƙofata ina zagaya tsirkiyar, baffa ya tsaya ya kasa kunne. Rabon da ya yi mini magana a kan jitar an daɗe.

"Ta sha sanyi," ya ce. "Kai ta kan kwano."

Na ce, "Baffa, ita ba fata gare ta ba. Itace ne da gam. Rana za ta narkar da gam ɗin."

Ga matarsa a tsakar gida tana tankaɗe, ga wasu samari biyu a zaure. Fuskarsa ta canja. "Ni za ka koya wa kayan kiɗa? Tun ba a haifi uwarka ba nake gasa molo."

"Ba koya maka nake ba, Baffa. Mai ita ne ya nuna mini."

"Mai ita," ya ce, ya tofar da yawu, ya wuce.

Bayan kwana kaɗan gari ya waye tas, rana ta fito irin wadda takan biyo bayan ruwa, mai cizo. Ina da fatu a wurin majema a bakin tafki, dole in je. Na naɗe jitar, na rataye ta, na saki asabari. Ɗakina ba shi da kwaɗo. Na yi tunanin sayowa tun ranar da muka yi maganar nan, amma ɗa ba ya kulle ɗaki a gidan ubansa. Da na sa kwaɗo, kafin azahar duk zango ya ji cewa na kira baffana ɓarawo.

Na dawo bayan azahar. Tun daga zaure na ga mata sun yi cirko-cirko a tsakar gida. Matar baffa, haifaffiyar Ankara ce, ta tare ni tana riƙe da haɓa. "Ka zo ka gani. Abin ya pashe. Mun ji shi kaman bindiga."

Jitar tana can kan kwanon madafa, kwance kusa da molo. Na hau turmi na sauko da ita, itacen ya ƙona mini hannu. Jakin ya ɓalle, ya tafi da wani ɓangare na fuskar jitar, yana lilo a jikin wayoyin da suka cukurkuɗe. Tsaga ta taso daga ramin tsakiya har gindi. Wuyan ya ɗago daga mazauninsa, gam ya zubo ya yi danƙo. Na duba kunnuwan, na ga an murɗa su. Baffa bai tsaya ga gasa ta ba, da ya ji ta yi zafi sai ya ƙara mata ja, yadda yake tura ɗaurin molonsa sama.

Yana zaune a inuwa yana cin goro. Na je gabansa da ita a hannu. Ban durƙusa ba.

"Baffa, na gaya maka."

Ya miƙa hannu aka sauko masa da molonsa, ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ta amsa. "Ka ji? Rana ɗaya suka sha, kwano ɗaya. Nawa ga shi lafiya lau. Taimakonka na yi. Kayan banza ne, shi ya sa."

Abin da na faɗa masa bayan wannan ba zan rubuta shi duka ba. Na ce hassada ce. Na ce ya san abin da zai faru. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Har yau ban tabbatar ko ya sani ba. Wani lokaci nakan ga da gangan ya yi. Wani lokaci kuma nakan ga da gaske ya ɗauka zai gyara ta, in dawo in tarar tana ƙara, ya ce ka gani, yaro. Wannan na biyun ya fi ba ni haushi.

Washegari dattawan masallacinmu suka zauna a zaure. Na ɗauka za a yi maganar amanar da aka lalata. Ba wanda ya ko kalli jitar. Maganar da aka yi ita ce ɗa ya tsaya a kan ubansa yana nuna shi da yatsa. Aka sa na durƙusa a gaban kowa na nemi gafara. Baffa ya bar ni a ƙasa har gwiwata ta yi tsami kafin ya ce ya yafe. Sannan babban cikinsu ya ce in mai kayan ya dawo, a gaya masa abin ya fashe da kansa saboda damina, ikon Allah ne. Ya ce ba a tona asirin gida a gaban baƙo, balle wanda ba ya salla. Na ce, to amanar fa? Ya ce ai ba Alƙur'ani aka ba ni ajiya ba, katako ne.

Na gwada gyara ta a ɓoye. Na dafa gam na fata irin wanda muke aiki da shi, na manna jakin, na ɗaure da igiya, na bar shi ya bushe. Da na sa tsirkiya huɗu na fara ja, sai na ji itacen yana kuka, jakin ya sake ɗagowa. Fuskar ta riga ta kumbura, babu inda zai zauna. Na naɗe ta na mayar cikin bargo. Sauran watannin nan, duk jirgin da na hango ya tsaya a teku sai in ce shi ne ya dawo.

Baƙon ya dawo da hantsi, ranar wata Alhamis, ya rame ya yi baƙi, yana dariya tun daga bakin hanya. Kafin ya ajiye akwatinsa ya zaro wani ƙunshi daga cikin rigarsa, takarda mai maiƙo, ya buɗe mini. Sababbin tsirkiya ne, cikakku goma sha biyu, kowace a naɗe kamar awarwaro, har da ƙarin biyu na siririyar nan mai tsinkewa. Ya ce tashar jirgi uku ya nema kafin ya haɗa su. "Yau kai za ka sa shi duka," ya ce. "Ni zan zauna, zan duba kawai."

Baffa yana zaure, da dattawa biyu da wasu samari. Na shiga na ɗauko jitar, na shimfiɗa bargon a gaban baƙon na buɗe. Ya tsuguna, ya bi tsagar da yatsa, ya ɗaga jakin ya juya shi, ya shinshina gam ɗin.

Baffa ya gyara murya. "Sai haƙuri. Kayan naka ba ya jure garinmu. Damina ce, ya fashe da kansa."

Bai kalli baffa ba, ni ya kalla. "Ruwa ba ya yi haka," ya ce. "Aboki, gaya mini."

Dattawan nan biyu suka zuba mini ido. Na san abin da zai biyo baya, ba wai ban sani ba. Na ce, "Baffana ne ya ɗauke ta daga ɗakina ba na nan, ya shanya ta a kan kwano, ya ƙara mata ja. Na riga na gaya masa kada a yi."

Baffa ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce kada magariba ta same ni a gidansa, ni da baƙon duka, kuma daga yau ba shi da ɗa baduku. Ya shige ciki. Dattawan suka bi shi, ɗaya yana cewa Allah ya shirya.

Muka rage mu biyu. Na ji wani sauƙi-sauƙi, don na ɗauka yanzu ya san ba ni ba ne. Yana ta naɗe bargon a hankali, yana cusa wayoyin da suka fito.

"Dakinka ba shi da kwado?" ya tambaya.

Na fara yi masa bayani, cewa a wurinmu ɗa ba ya kulle wa ubansa ƙofa, cewa da na yi haka da an ce na zage shi. Ina magana ina jin yadda maganar take zuba a ƙasa. Ya bari na gama.

"Ni ban ba shi ba," ya ce. "Kai na ba."

Ya mayar da ƙunshin tsirkiyar cikin rigarsa, ya ɗora akwati a ka, ya rungumi bargon. Na miƙa hannu in taya shi, ya kauce. Na bi shi har bakin hanya, ya ce in koma.

Rumfata ta kasuwa ta zama ɗakina har na yi aure. Baffa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce ɗan yayansa ne ya sayar da shi a kan katakon arne, kuma mutane da yawa sun yarda da shi. Wasu sun daina kawo mini ɗinki. Wannan duk na iya ɗauka, na kuma ƙi zuwa ba shi haƙuri karo na biyu, ko da aka yi ta aiko mini.

Da na haɗa wasu takalma masu kyau, irin waɗanda ya taɓa cewa yana so, sai na gangara bakin teku inda ’yan Kuru suke jan kwale-kwale, ina tambayar gajeren nan mai tabo a ƙarƙashin ido. Wani dattijo a cikinsu yana gyaran igiya ya ce ya bi jirgi tun makon jiya, kuma ya ce ba zai sake sauka Ankara ba. Sannan ya dube ni daga hula har ƙafa.

"Kai ne Bahaushen?" ya ce. "Mai amana?"

Kalmar da ni na koya masa ce, ya kai musu ita. Sauran suka daina aiki suna kallona. Na ce ni ne. Dattijon ya jawo ɗan ƙunshin kayansa da ke kan yashi kusa da ƙafata, ya mayar da shi bayansa, ya ci gaba da gyaran igiyarsa.